Allurar da Shafa'atu Ta Ƙi Yi Wa Ƴaƴanmu

Duk ranar Talata, da an idar da sallar azahar, Shafa'atu takan ja ƙofar likitar Rijiyar Jimrau, wato ƙaramin asibitin garinmu, ta rufe, ta ɗaure shuɗin akwatin ƙanƙara a bayan motonta, wato babur ɗinta, ta lulluɓe shi da buhu, ta kama hanyar Dakoro. Tafiyar awa biyu ce cikin rairayi, in moton bai yi gardama ba. Can take kwana gidan yayarta, Laraba da sassafe ta karɓi alluran rigakafi ta juyo. Rijiya biyu take tsayawa a kan hanya don ta jiƙa buhun nan, kada zafi ya kai ga abin da ke ciki. Masu ban ruwa sun san ta. Da sun hango ta, sai wani ya janye jakinsa gefe ya miƙa mata guga, ko layin wane ne kuwa.

Laraba kasuwarmu ke ci, ranar ce matan makiyaya ke shigowa da nono da cuku, goye da ƴaƴa. Kafin kasuwa ta cika Shafa'atu ta shimfiɗa tabarmi gindin aduwar da ke ƙofar likita, ta wanke hannu, ta jera kayanta bisa tebur. Umma, tsohuwar ungozomar garin da ke taya ta aiki, ita ke shiga kasuwa tana janyo mata ɗaya bayan ɗaya, wata da lallashi, wata da gori.

"Ke mai cuku, ɗanki ya hi cukun nan tsada. Aje, taho."

Shekara goma sha huɗu ke nan tana wannan aiki a garinmu. Shida daga ciki ba ta da firigo, na'urar sanyaya magani, tun da tsohon ya mutu. Ta rubuta takarda, ta sake rubutawa, har ta daina lissafin ko sau nawa. Shi ya sa take wannan zirga-zirga duk sati, domin allurar rigakafi ba ta zama inda babu sanyi. Kuma har yau ƴar kwantaragi ce, ba a ɗauke ta aikin dindindin ba. Takarda ɗaya ta isa a tashe ta daga inda take, ko a sallame ta gaba ɗaya. Kowa ya san haka, ita ta fi kowa sani.

Mu iyaye mata abin da muka riƙe ta da shi guda ne: ba ta yi mana ƙarya. A rediyo muna ji ana cewa maganin yara ƙanana kyauta ne, mu zo likita mu tarar da kantar magani fayau. Wata ma'aikaciyar sai ta ƙulla maki farar ƙwaya a leda ta ce ki je ki ba shi, don ki tashi ki ba ta wuri. Shafa'atu takan dube ki ta ce, "Maganin zazzaɓin ya ƙare tun shekaranjiya. Wannan da ke hannuna zahin jiki kawai yake saukewa. Kada ki koma gida, ki nemi mota ki wuce Dakoro yanzu." Magana mai ɗaci ce, amma yara da yawa suna yawo a garin nan yau saboda ita.

Makiyaya kuwa ba da sauƙi ta same su ba. Shekarunta na farko ko kusa da teburinta ba sa zuwa. Intalla, dattijon Buzayen da ke yin rani a rijiyoyinmu kafin su haura wajen Azagor, shi ya hana matansu. Ya ce an taɓa tara su aka tsira wa yara allura, aka tafi, ba wanda ya sake waiwayar su ko ya gaya masu ta mece ce. Wata Laraba Shafa'atu ta goya ɗanta na cikinta, ta je har rumfar da Intalla ke shan shayi, ta fasa kwalba a gabansa ta yi wa yaron. Intalla ya daɗe yana kallon yaron yana tsala kuka, sannan ya sauke rawani daga bakinsa, ya kira ta da sunan da suke ba mai duba marasa lafiya.

"Lokotoro, za mu kawo su. Amma ranar da allurarki ta yi mamu ƙarya, ba ki ƙara ganin ko ƙafar akuyarmu."

Tun daga ranar, shekara goma sha ɗaya, ba su fasa ba.

Bazarar bana ƙyanda ta fara zagaye garuruwa. Sai muka ji shugaban ƙasa a rediyo yana cewa an buɗe gangamin rigakafi, kowace likita za ta samu firigo, ba yaron da za a bari a baya. Ba za mu ɓoye ba, mun yi murna. Ranar wata Asabar kuwa sai ga babbar mota ta sauke firigo fari tas, hoton shugaban manne a ƙofarsa, an jera kwalayen allurar ƙyanda a ciki tare da ƙanƙara. Aka shigar da shi ɗakin ajiya mai rufin kwano, aka kulle, aka ba Elhaji mabuɗi, shi ne shugaban kwamitin likitar. Aka ce kada a taɓa sai babban baƙo ya zo daga Yamai ranar Litinin ya yanke ƙyalle. Farantan hasken rana da mai haɗa su, wai suna nan tafe.

Motar na tashi Shafa'atu ta nufi shagon Elhaji, Umma na biye da ita.

"Elhaji, ba ni mabuɗin nan in kwashe allurai in fara aiki. Ƙanƙarar da ke ciki kwana biyu take, daga nan ruwa ce."

"Madam, firigon ga sabo ne ful. Ko ledarshi ba a cire ba."

"Ba a haɗa shi da komi ba, Elhaji. Yanzu akwati ne kawai."

"To sanyin kamfani fa? Ai da shi yake zuwa."

Umma ta gyara lulluɓi ta ce, "Elhaji, motarka ma sabuwa ka saye ta. Mi ya sa kake zuba mata isansi? Da ka bar ta ta yi ta tahiya da na kamfani."

Masu zaman shagon suka yi dariya, Elhaji bai yi ba. Ba mugun mutum ba ne, jikokinsa huɗu na cikin masu jiran allurar. Tsoro ne ya riƙe shi. Ya ce, "Ni dai cewa aka yi in riƙe. In baƙo ya zo ya tarar an buɗe, ni za a tambaya, ba ku ba. Jibi ne fa, ku yi haƙuri."

Litinin ta zo, baƙo bai zo ba, aka ce sai Alhamis. Alhamis aka ce wani taro ya riƙe shi, sai Laraba ta sama. Shafa'atu ta buga waya duk inda take da lamba, amsa ɗaya take samu, a jira bikin. Ta je karɓar kasonta na sati kamar yadda ta saba, aka nuna mata takarda an rubuta an riga an kai mata nata. Ta dawo da akwati wayam. Kullum da rana tsaka takan zagaya bayan ɗakin ajiyar ta ɗora tafin hannu bisa bango, ta janye da sauri don zafi, ta leƙa ta taga ta ga farin firigon zaune cikin duhu. Kwana goma sha ɗaya ana haka. Intalla kuwa lokacin tashinsu ya yi, ciyawa ta ƙare a kewayen rijiyoyi, amma ya riƙe mutanensa kwana shida saboda an ce allurar ƙyanda ce, kuma Lokotoro ce za ta yi.

Ranar bikin an kafa rumfa, an jera kujeru, an kira makaɗa. Motoci biyar suka zo. Mu mata muka yi layi tun hantsi, kowace da ɗanta da karnen likita, wato katin rigakafi, a hannu. Ɗiyata Nana, mai wata tara, ita aka zaɓa ta farko, wai ta fi ƙiba, za ta yi kyau a hoto. Aka zaunar da ni bisa kujera gaban tebur, aka naɗe mata hannun riga. Don haka abin da zan faɗa ba labari aka ba ni ba.

Aka fito da firigo, baƙo ya yanke ƙyalle, aka yi guɗa. Ya buɗe ƙofar da hannunsa. Kwalayen ciki sun jiƙe sun bushe, sun lanƙwashe.

A murfin kowace kwalbar allurar akwai ƴar alama, da'ira mai duhu da ɗan farin tabo mai kusurwa huɗu a tsakiyarta. Muddin tabon yana fari, magani na da rai. Idan zafi ya dafa shi, tabon yakan rine har ya saje da da'irar. Shafa'atu ta ɗauki kwalba ta farko ta ɗaga ta ga haske. Ta ajiye, ta zura hannu can ƙasa ta zaro wata. Ta yage wani kwali ta duba uku a jere. Duk tabon ya ɓace.

Daga baya ta gaya mana abin da ya zo mata a rai a wannan tsayuwar. Mataccen magani ba ya kashe yaro. In ta yi allurar nan ba wanda zai faɗi, ba wanda zai gane, za a tafa, baƙo ya tafi yana yabon ta, wataƙila ma a tuna da ita ranar ɗaukar ma'aikata. Kuma tana da ƴaƴa uku da tsohuwa da ke ci daga wannan aiki. Sai ta dubi hannun Nana da ke miƙe a gabanta. In ta buga hatimi a karnen nan, uwar za ta tafi da ɗiyarta gidan suna, gidan biki, har gidan da ake jinyar ƙyanda, hankalinta kwance, kuma ba mai sake yi wa yarinyar allura tunda takarda ta ce an yi. Ta mayar da kwalbar cikin kwali.

Baƙon ya sunkuyo yana murmushi saboda masu hoto. "Madam, ana jiran ki."

"Ranka shi daɗe, maganin ga ya mutu. Zahi ya kashe shi."

Murmushin bai bar fuskarsa ba, muryar ce ta sauka. "Yana cutarwa?"

"Ba ya cutarwa. Ba ya kuma kare kowa."

"To ki yi ma yara uku ko huɗu a ɗauki hoto. Sauran sai a duba bayan mun tahi."

"Waɗanne ukun, ranka shi daɗe? Nuna mani su, in gaya ma uwayensu tukuna."

Ni ina zaune tsakaninsu, ina jin komai, na ja hannun rigar Nana na rufe.

"Kin san hoton wa ke jikin firigon nan?" in ji shi.

"Na sani. Kwana goma sha ɗaya ina kallon shi ta taga. Bai sanyaya komi ba."

Wani daga cikin ƴan rakiya ya matso ya raɗa mata cewa ta tuna ita ƴar kwantaragi ce. Ta gyaɗa kai ta ce ta tuna. Sannan ta juya ga layin, ta ɗaga kwalba ɗaya sama, ta yi magana da muryar da take kiran sunaye da ita ranar awo. Ta ce yau babu allura. Ta ce maganin ya sha zafi ya lalace, kada wadda ta bari a buga mata hatimi a karne, kowa ta riƙe nata babu komai a ciki har ranar da ita da kanta za ta kawo mai rai. Ta sake faɗa da Fillanci, Umma ta nemo wadda ta juya wa matan Buzaye.

Makaɗa suka tsaya. Intalla ya taso daga inda yake tsugune, ya miƙa hannu aka ba shi kwalbar, ta nuna masa tabon. Ya jujjuya ta.

"Mu ma mun san wannan," ya ce. "Allurar bisashe in ta sha rana, ruwa ce." Ya juya ga baƙon. "Kwana shida na riƙe raƙuma da awaki bisa ƙasa tsirara ina jiran ka. Wannan matar shekara goma sha ɗaya ba ta yi mamu ƙarya ba. Kai yau na fara ganin ka."

Ya mayar da kwalbar hannun Shafa'atu, ba hannun baƙon ba. Mata suka fara goya ƴaƴa. Baƙo ya karanta jawabinsa ga kujeru da ƴan kwamiti, aka ɗauki hoton firigo ta gefen da ba a ganin cikinsa, motoci suka tashi kafin la'asar.

Washegari a labaran rana muka ji an ce gangamin ya yi nasara a yankinmu, an yi wa dukkan yaran da suka fito allura. Muna zaune ne a tsakar gida muna surfe, karnen ƴaƴanmu na rataye a ɗaki babu ɗigon tawada a ciki.

A nan nake son in yi magana da mai hoton da ke jikin firigon. Ranka ya daɗe, shugaba, ba mu ce kai ka kulle ɗakin ba. Amma bakinka ne ya ce ba yaron da za a bari, kuma da sunanka aka karanta cewa an yi wa ƴaƴanmu abin da ba a yi masu ba. In ba ka sani ba, waɗanda ka aiko sun mayar da kai maƙaryaci a gaban matan gari guda. In kuwa ka sani, kai ka san abin da za ka gaya wa Allah. Mu da muka ga ƙaryar da aka yi a kan garinmu, da wane kunne za mu ji abin da ake faɗa a kan sauran garuruwa? Motar da ta sauke mana firigo tana ɗauke da wasu irinsa. Ina aka kai su? Kwana nawa suka jira mai yanke ƙyalle? Can ma akwai mai ɗaga kwalba ta duba, ko an buga hatimi an wuce? Ni ban sani ba, kuma ba zan ƙirƙira ba. Kai ke da ikon sani, ka bincika ka faɗa mana da bakin da ka yi alkawarin.

Amsar da ta zo ba wannan ba ce. Bayan kwana biyar aka kawo wa Shafa'atu takarda: an canja mata wurin aiki zuwa wata ƴar likita can arewa da Tagriss, saboda rashin ladabi ga baƙin gwamnati. Aka ce ta miƙa mabuɗi cikin kwana goma. Umma ta ce a je a ba da haƙuri, Elhaji ya ce shi zai jagoranci tafiyar, idonsa a ƙasa. Shafa'atu ta ninke takardar ta sa a aljihun riga.

"Haƙurin mi, Umma? Kwana goma na gare ni, ba ni ɓata ko ɗaya bakin ofis."

Ta zuba matattun kwalaben cikin kwano, ta ɗaura a moto, ta kai su Dakoro ta juye bisa teburin masu rabon allura. Duk wanda ya san aikin, da ya dubi murfi ɗaya bai ƙara tambaya ba. Aka cika mata akwati da masu rai. Kwana biyu ta yi gindin aduwa ta gama da yaran gari, kowace uwa sai ta nuna mata farin tabon kafin ta fasa kwalba. Nana ta samu tata, ta yi kuka har ta shiɗe, ban taɓa jin daɗin kukan yaro irin na ranar ba.

Saura makiyaya, su kuwa sun riga sun haura. Amma Intalla ya bar sallahu wurin masu ban ruwa, ya faɗi rijiyar da za su sauka da wadda ke biye. Shafa'atu ta sake komawa Dakoro ta ɗauko sabuwar ƙanƙara, ta bi sawunsu. Moton ya kafe a tudun rairayi, aka aiko raƙumi ya ɗauki akwatin, ita ta bi a ƙasa. Kwana biyu ta yi tana bin zango zango. Ranar da ta dawo fuskarta ta ƙone, leɓɓanta sun tsage, ta zauna ta cike takardun miƙa aiki, washegari ta ba da mabuɗi. Duk yaron da ya tsaya layi ranar bikin nan an yi masa allura ta gaskiya kafin ta bar garin.

Ke ce wannan, Yaya Shafa. Uwar marasa murya, mai hannu ɗaya ga ɗan gari da ɗan daji. Ke ce aka ba zaɓi tsakanin abincin ƴaƴanki da lafiyar namu, ana kaɗa ganga, ana ɗaukar hoto, kika ajiye kwalba. Ba ki ɗaga murya ba, ba ki zagi kowa ba, kin ƙi kawai. Sun ce ba ki da ladabi. Mu mun ga ladabin da Elhaji ya yi wa mabuɗi, mun ga abin da ya haifar.

Ga sauran ma'aikatan likita da wannan rubutu zai iske, mun san halin da kuke ciki, mun san yadda takarda ɗaya ke tashin mutum. Ba mu ce kowa ya tsaya gaban rumfa ya yi abin da ta yi ba. Amma in babu magani ku ce babu, in ya mutu ku ce ya mutu, kada hannunku ya buga hatimi a kan abin da bai faru ba. Ku kuma ƴan'uwana mata, kafin allura ta taɓa ɗanki ki ce a nuna maki murfin kwalba. Haƙƙinki ne, kuma ma'aikacin kirki ba zai ji haushi ba. Saurayin da aka turo mana a madadinta ya sha mamaki Larabarsa ta farko, da wata Bafillatana ta riƙe masa hannu ta ce, "Tsaya, nuna mani tabon." Ya nuna mata, ya kuwa yi daidai.

Firigon yana nan inda aka bar shi, har yau ba a haɗa shi ba. Mu kuma mun yanke shawara. Mu ashirin da ɗaya za mu hau motar kasuwa zuwa Dakoro, da ƴaƴanmu a baya da karnensu a hannu, Intalla ya aiko mata biyu daga zangonsu su shiga cikinmu. Za mu nuna ranar da rediyo ya ce an yi allura, mu nuna ranar da aka rubuta a karne, mu nemi a maido mana ita. An ce mana ba za a saurare mu ba. To, a ƙi saurarenmu a gaban jama'a, da rana tsaka, kowa ya gani.

Mun gode, Yaya Shafa. Allah ya tsare ki inda suka kai ki, ya raya maki naki kamar yadda kika tsaya wa namu. Matan da ke can arewa da Tagriss ba su san abin da aka kai masu da sunan horo ba tukuna. Su riƙe ki da kyau kafin mu zo karɓa.